Daga Rawanin Sarki Zuwa Sandar Majalisa: Yadda Naɗin Alƙali Ya Sauya Hannu a Ƙasar Gobir

Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan Hausa a littafinsa Kitabul Farƙi, akwai wanda ya shafi zauren shari'a kai tsaye: karɓar gaisuwa da toshiyar baki, har ya zama wanda hannunsa ya fi nauyi shi ke tashi da gaskiya. Shehu bai faɗi haka daga nesa ba. A Degel ya zauna, cikin ƙasar Gobir, kuma ya san fadar Alƙalawa tun zamanin Bawa Jangwarzo har zuwa Yunfa. Saboda haka mai son bin sawun yadda ake naɗa alƙali a Sabon Birni da Isa, daga nan zai ɗauko zaren. Hannun da ke naɗin ya sauya sau da yawa tun daga lokacin, kuma kusan kowane sauyi ƙara nisa da ƙasar Gobir ya yi.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa, masu jihadi suka wayi gari da ƙasa a hannu, da kuma nauyin cika abin da suka yi wa'azi a kai. Malam Abdullahi na Gwandu ya riga ya hango wahalar. Tun kafin birnin ya faɗi ransa ya ɓaci da son dukiya da mulki da ya fara gani cikin jama'a, har ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam don su san yadda ake riƙon mulki da shari'a. Abin da littattafan Malikiyya suka shimfiɗa shi aka bi: alƙali ya kasance Musulmi, ɗa, baligi, mai hankali, adali, mai ilmin da zai fitar da hukunci. Mai naɗa shi kuwa shugaba ne, ko wanda shugaba ya wakilta. A Sakkwato akwai Alƙalin Alƙalai, a kowace masarauta sarki na da nasa alƙalin. Ba wata majalisa mai jefa ƙuri'a. Takunkumin da ke akwai shi ne bakin malamai, waɗanda suka san wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba, sai kuma damar kai kuka gaba, ta hannun Waziri har gaban Sarkin Musulmi. Takunkumin yakan kama in sarkin mai jin kunyar malamai ne. In ba haka ba kujerar takan koma gadon gida, ɗa ya bi uba, kamar yadda ta zama a birane da dama kafin ƙarnin ya ƙare.

Ita kanta Gobir ba ta zauna wuri ɗaya ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, waɗanda suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Isa kuwa ribaɗi ce ta daular Sakkwato, sarautarta a hannun zuriyar Bello, mai riƙe da ita ana kiransa Sarkin Gobir. Daga baya, bayan tsakiyar ƙarnin, Ɗan Halima ya saɓa da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya dawo yamma ya kafa Sabon Birni da amincewar Sakkwato. Sai ga sarakunan Gobir a garuruwa da ba su fi tafiyar kwana biyu zuwa uku tsakaninsu ba, kowa da fadarsa da malaman da ke yanke masa hukunci. Abin lura shi ne Gobirawa sun san majalisar zaɓe tun da daɗewa, wato Tara ta Gobir, masu naɗa sarki. Amma sarki suke zaɓa. Alƙali bawan sarauta ne, in sarki ya ga dama ya naɗa masa rawani, in ya ga dama ya tuɓe.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Cikin 'yan shekaru kaɗan Ingila da Faransa suka daidaita kan iyaka, aka kafa duwatsu tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna a na Ingila. Daga nan dangi ɗaya suka shiga tsarin shari'a biyu. A ɓangaren Nijar tafarkin Faransa aka gada: mai son zama alƙalin gwamnati jarrabawa yake ci, a horar da shi, shugaban ƙasa ya naɗa shi, 'yan majalisar dokoki ba su da ta cewa, sarakuna kuma aka bar musu sulhu tsakanin talakawansu.

A ɓangaren Ingila kuwa Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba, rataya musu igiya ya yi. Dokar kotunan gargajiya ta 1900, wadda aka sabunta a 1906, ta ce ba kotun da za ta zauna sai da takardar izni daga Razdan. Aka kasa kotuna aji huɗu, daga A zuwa D. Ajin A, irin na Sarkin Musulmi, na iya yanke hukuncin kisa amma sai Gwamna ya sa hannu. Kotun alƙalin gunduma tana ƙasa, da iyakar tarar da za ta ci da watannin da za ta ɗaure. Sarki ke kawo suna, Razdan ke amincewa, Di'o kuma na da ikon buɗe littafin shari'a ya duba, ya rage hukunci ko ya mayar da ƙara wata kotu. In za a faɗi gaskiya, wannan shi ne karo na farko da naɗin alƙali ya buƙaci tabbatarwar wani hannu na biyu a rubuce, sai dai hannun na baƙo ne, kuma abin da ya fi damunsa zaman lafiyar haraji. Alƙali ya zama ma'aikacin En'e, albashinsa daga baitulmali. Lauya ba ya shiga kotunsa. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma daga nan ne takardar shaida ta fara gogayya da sunan gida wajen samun kujera.

Illar wannan tsari ta fito fili da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950. Sarki na tare da NPC, En'e ta sarki ce, 'yan doka da gidan yari na En'e ne, alƙali ma haka. Ɗan NEPU da aka kama da laifin taro ba izni ko zagin hakimi, gaban wanda hakimin ke gaisawa da shi kullum za a kai shi. Tsofaffin 'yan Sawaba daga Kano har Gusau da Kauran Namoda sun sha ɗauri da bulala ta wannan hanya, kuma shi ya sa raba alƙali da fada ya zama ɗaya daga manyan buƙatun Malam Aminu Kano. Akwai alƙalai masu tsoron Allah da suka ƙi a yi amfani da su, amma tsarin bai ba su wurin jingina ba.

Gab da 'yancin kai gwamnatin Sardauna ta ga dole a yi gyara, musamman da ƙananan ƙabilu da 'yan kasuwar waje ke nuna fargaba. A 1958 aka kira kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na Landan da wasu 'yan ƙasa. Daga shawararsu aka samu kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai kula da aure da gado da wasiyya da waƙafi. Shugabanta shi ake kira Girandi Kadi. Ɗan Sudan ne ya fara riƙe kujerar, sannan a 1962 Malam Abubakar Mahmud Gumi ya hau, Malam Haliru Binji na mataimakinsa, dukkansu 'yan lardin Sakkwato. Tsarin mulkin 1960 ya ba wata hukuma ta musamman aikin zaɓen alƙalan manyan kotuna. Shekara uku kacal aka yi da ita. Tsarin mulkin jamhuriya na 1963 ya soke ta, naɗi ya koma bisa shawarar Firayim Minista a tarayya da Firimiya a jiha. 'Yan siyasa sun ɗanɗana hukuncin da bai yi musu daɗi ba a rikicin Yamma, suka gyara doka yadda za ta dace da su.

Soja ne suka yanke igiyar da ke tsakanin alƙali da fada. Tsakanin 1967 da 1968, zamanin Hassan Usman Katsina na gwamnan Arewa da farkon sababbin jihohi, aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe na alƙalai daga En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin Babban Joji. Tun daga ranar alƙalin Isa ya daina zama yaron Sarkin Gobir ko na Sarkin Musulmi, ya zama ma'aikacin gwamnati da za a iya yi wa canjin wuri da takarda ɗaya. An samu 'yanci daga fada, an kuma yi asarar wani abu: a da mutanen gari sun san alƙalinsu, sun san malamansa da gidansu, yanzu kuwa baƙo ne da mota ta sauke. A sama kuma soja ba su tambayi kowa ba. Murtala ya sauke Babban Jojin Ƙasa Taslim Elias a 1975, ya ɗora wani.

Tantancewar majalisa a 1979 ta shigo. Masu rubuta tsarin mulkin jamhuriya ta biyu sun ɗauko salon shugaba mai cikakken iko daga Amurka, suka haɗo da al'adar cewa majalisa ce ke tabbatar da manyan naɗe-naɗe. Babban Jojin Ƙasa da alƙalan Kotun Ƙoli sai Majalisar Dattawa ta yarda; Babban Jojin jiha da Girandi Kadi sai majalisar jiha ta yarda, da rinjaye kawai. Hankalin wakilan Arewa a majalisar tsara mulki bai tsaya kan wannan ba, yana kan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya, batun da ya sa sama da wakilai 80 suka fice daga zaure a Afrilun 1978. Ba a samu kotun ba. Aka daidaita kan cewa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta riƙa samun aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci.

Akwai abin da ba a ɗauko daga Amurka ba, kuma shi ne tushen rigimarsu ta shekarun nan. A can ƙa'idar cikin gida ta Majalisar Dattawa ta ba marasa rinjaye damar hana a kai ga ƙuri'a sai an samu sanata 60 cikin 100. A 2013 'yan Dimokurat ƙarƙashin Harry Reid suka sauke wannan shinge ga alƙalan ƙananan kotunan tarayya. A 2016 'yan Rifabulikan suka ƙi ko sauraron Merrick Garland da Shugaba Obama ya kawo don Kotun Ƙoli, sannan a 2017 Mitch McConnell ya sauke shingen ga Kotun Ƙoli ma, aka tabbatar da Neil Gorsuch da ƙuri'a 54 da 45. Kowane ɓangare ya gyara ƙa'ida ran da take tare masa hanya. A Najeriya marasa rinjaye ba su taɓa samun irin wannan makami ba, saboda haka kokawar ba a littafin ƙa'idojin majalisa take ba, tana cikin tsarin mulki da kuma tsakanin gwamna da Abuja. Amma tun da wuri an ga cewa ikon tabbatarwa na iya zama sanda. A Kaduna majalisar da NPN ta mamaye ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin Balarabe Musa na PRP, har ta tsige shi a Yunin 1981 bai kafa majalisar zartarwa ba. A Sakkwato gwamna da majalisa duk NPN ne, ba a ji kan kowa ba, kuma a ƙarshen 1983 soja suka sake rufe zauren.

Da aka dawo a 1999, an zo da sabon hannu wanda ya fi sauran ƙarfi, wato Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC. Tunanin kafa ta ya samo asali daga kwamitin Mai Shari'a Kayode Eso da Abacha ya kafa da kuma taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995, da nufin a ƙwace alƙalai daga aljihun gwamnoni. Babban Jojin Ƙasa ke shugabantarta, kuma shi ke zaɓen mafi yawan mambobinta, ciki har da manyan jojin jihohi biyar da Girandi Kadi ɗaya da ke karɓa-karɓa duk shekara biyu. Yanzu hanyar ta zama mai hawa huɗu: hukumar shari'a ta jiha ta tura sunaye, NJC ta tace ta ba da shawara, gwamna ya naɗa, majalisar jiha ta tabbatar. Sashe na 271 ya tsara haka ga Babban Joji, na 276 ga Girandi Kadi. Sauran alƙalan Babbar Kotu da kadi-kadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba sa zuwa gaban majalisa ko kaɗan. Wato a duk faɗin jihar Sakkwato kujeru biyu rak na alƙalanci ne wakilan jama'a ke da bakin magana a kansu.

Gwamnan farko a ƙarƙashin wannan tsari ɗan ƙasar Isa ne, Attahiru Dalhatu Bafarawa, kuma a hannunsa guguwar shari'a ta faɗo. Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996 ta tafi da Shinkafi maƙwabciyar Isa, ta ƙaddamar da shari'ar a Oktoban 1999. Sakkwato ta bi a 2000 ba tare da yawan gangami ba. Kotunan yanki suka koma ƙananan da manyan kotunan shari'a, aka ba su ikon haddi. Mutanen da ke zaune a kujerun kuwa mafi yawansu su ne dai na jiya, ba wata majalisa da ta tambaye su abin da suka sani na sharuɗɗan haddi da shubuhohin da ke tunkuɗe shi. Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A Oktoban 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa, ƙasar da Degel take, ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa. Duniya ta ɗauka. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin, kuma da hujjojin fiƙihu da na doka ta soke shi: laifin da ake tuhuma ya riga dokar da ta fara aiki a Janairun 2001, kuma ba a bi ƙa'idojin tuhuma da iƙirari yadda ya kamata ba. Ilmin kadi-kadin sama ne ya ceci rai da mutuncin shari'ar kanta. Da matar ba ta samu masu ɗaukaka mata ƙara ba, da maganar alƙalin ƙasa ce ta ƙarshe.

NJC ma ba ta tsira daga siyasa ba, kuma shari'ar Sakkwato ce ta tona hakan. Bayan zaɓen 2007 Muhammadu Maigari Dingyaɗi na DPP, jam'iyyar Bafarawa, ya ƙalubalanci nasarar Aliyu Magatakarda Wamakko. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen a Afrilun 2008, aka sake, Wamakko ya sake ci, aka koma kotu. A 2010, ana jiran hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai aka dakatar da karanta shi. A Fabrairun 2011 aka nemi ɗaga shugaban kotun, Mai Shari'a Ayo Salami, zuwa Kotun Ƙoli. Ya ƙi, yana ganin ƙarin girman dabara ce ta raba shi da kujerarsa, ya kuma yi rantsuwa a rubuce cewa Babban Jojin Ƙasa Aloysius Katsina-Alu ya nemi ya sa baki a shari'ar Sakkwato. Katsina-Alu ya musanta. NJC ta nemi Salami ya ba da haƙuri, ya ƙi, ta dakatar da shi a Agustan 2011. Da ta sauya ra'ayi a shekara mai bi ta ce a mayar da shi, Shugaba Jonathan bai mayar ba, har ya kai shekarun ritaya a 2013. Mutumin garin Gatawa ko na garin Bafarawa da ya bi layi a rana ya jefa ƙuri'a ya ga yadda makomar ƙuri'arsa ta rataya kan wanda aka ɗora a wace kujera a Abuja.

To, yaya tabbatarwar take a aikace? A ɗora sandar majalisa, Kakaki ya karanta wasiƙar gwamna. Shugaban masu rinjaye ya miƙe ya nemi a karɓa, wani ya mara masa baya. Ko dai a tura wa kwamitin shari'a ya kawo rahoto cikin 'yan kwanaki, ko a shigo da mai shari'a zauren, ya tsaya ya karanta tarihin karatunsa da wuraren da ya yi aiki. Wani ɗan majalisa ya tashi ya yabe shi, wani ya roƙi a bar shi ya rusuna ya wuce saboda girmansa. Kakaki ya ce masu amincewa su ce e, zaure ya amsa, ya buga guduma. Abin ya fi kama da ɗaurin auren da aka gama maganarsa a cikin gida, aka fito ƙofa don shafa fatiha. Lissafin ma ya nuna sauƙin abin. Majalisar Sakkwato kujeru 30 gare ta, biyu na Sabon Birni, ɗaya ta Isa. Kashi ɗaya cikin uku ya isa a zauna, wato mutum 10, kuma rinjayen waɗanda suka halarta ake nema, don haka mutum 6 na iya tabbatar da wanda zai shugabanci kotunan jiha har ya kai shekara 70, iyakar da gyaran tsarin mulki na 2023 ya sa wa dukkan alƙalan manyan kotuna. Cire shi kuwa sai kashi biyu cikin uku, mutum 20, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 a ƙarar Babbar Jojin Kwara, Raliat Elelu-Habeeb, ko hakan bai isa ba sai NJC ta bincika tukuna.

A Abuja ma haka take. Tun 1999 Majalisar Dattawa ba ta taɓa mayar da sunan wanda aka kawo mata don kujerar Babban Jojin Ƙasa ba. Lokacin da ta tabbatar da Olukayode Ariwoola a Satumban 2022, shugaban masu rinjaye shi ne Sanata Ibrahim Abdullahi Gobir mai wakiltar Sakkwato ta Gabas, mazaɓar da Isa da Sabon Birni ke ciki, kuma a zama ɗaya aka gama. A Disamban 2023 alƙalai 11 aka tabbatar wa Kotun Ƙoli a tashi ɗaya. Inda ake jan ƙafa shi ne kafin suna ya iso: Walter Onnoghen ya yi kusan wata uku yana riƙo kafin a aika sunansa a Fabrairun 2017.

Inda majalisun jihohi suka ce a'a, da wuya a ga shari'ar da mutum ya yanke ce dalili. A Kuros Riba, a Maris na 2020, majalisa ta ƙi Mai Shari'a Akon Ikpeme duk da NJC ta zaɓe ta, aka ce asalinta Akwa Ibom ne, za ta iya zama barazana ga tsaro. Sai a farkon 2021 aka tabbatar da ita. Kusa da gida, a Kebbi, Mai Shari'a Asabe Karatu ta riƙe kujerar Babban Joji zamanin Atiku Bagudu, majalisa ta ƙi tabbatar da ita tana cewa akwai gyare-gyare a takardar firamarenta, ita kuma ta kai kuka NJC tana cewa addininta ne dalili. Kowane ne gaskiya, ba a ji an zauna an auna hukunce-hukuncenta na shekaru ba. Sakkwato ba ta yi suna da irin wannan ba. Mai Shari'a Aisha Sani Dahiru ta daɗe tana shugabantar kotunan jihar. Amma rashin rigima bai nuna ana yin tambaya ba.

Alƙalin da mutumin Isa ko Sabon Birni ke gani da idonsa ba ya cikin duk wannan. Shi ne na ƙaramar kotun shari'a, mai zama da rajistara da ɗan saƙo da benci biyu ko uku. Gabansa mace ke durƙusawa ta ce, “Allah gafarta Malam, hul'i nake nema,” ya tambayi sadakin da aka biya. Gabansa magada ke jayayya kan gonar fadama, ya nemi shaidu, in babu ya sa wanda ake ƙara ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Shi ke ƙiyasta ɓarnar da shanu suka yi wa gero. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin cikin koke-koken da aka daɗe ana ji a Zamfara da gabashin Sakkwato game da yadda rikicin manoma da makiyaya ya rikiɗe ya zama ta'addanci, akwai zargin cin zalin makiyaya da tara mai nauyi a hannun wasu alƙalai da 'yan sanda da masu sarauta. Zargin bai wanke mai kashe mutane ba, kuma ba zai taɓa wanke shi ba. Amma ya nuna tsadar kujerar da ba wanda ke duba mai hawanta.

Yau a ƙauyuka da yawa na yankin maganar ta wuce wa ya naɗa alƙali, ta koma ko akwai hukumar da ke iya isa wurin. A Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya, dubbai suka tsallaka ƙasar Maraɗi wurin danginsu. A Nuwamban 2021 jaridu suka ruwaito cewa yaran ɗan bindigar nan Bello Turji sun tuɓe masu gari a wasu ƙauyuka irin su Gangara sun ɗora nasu, suna sa haraji, suna raba gardama. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. A 2024 ɗin dai majalisar Sakkwato ta gyara dokar ƙananan hukumomi, ikon naɗa hakimai da dagatai ya koma hannun gwamna, fadar Sarkin Musulmi ta tsaya a ba da shawara, aka yi ta muhawara a kai daga Sakkwato har Legas. Majalisar ta nuna tana iya taɓa dokar naɗi cikin makonni in ta so.

A 2025 NJC ƙarƙashin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta yanke cewa za a riƙa buga sunayen masu neman kujerun manyan kotuna don jama'a su faɗi abin da suka sani game da su. Mataki ne mai kyau, sai dai bai sauko ƙananan kotunan shari'a da na majistare ba. Waɗannan suna hannun hukumar shari'a ta jiha, mai ɗauka da ladabtarwa da kora. Babban Joji ke shugabantarta, tare da Antoni Janar da Girandi Kadi, sai lauyoyi biyu da wasu mutum biyu da gwamna ke zaɓa, kuma waɗannan huɗun sai majalisar jiha ta tabbatar da su kafin su yi shekara biyar a kujera. Dokar da ta kafa kotunan shari'a a 2000 ma majalisar ce ta yi ta, ita ke da ikon ƙara mata sharaɗin a liƙa sunan wanda za a ba alƙalanci a ƙofar kotun Isa da ta Sabon Birni, a ba mutanen gari kwanaki su yi magana. Wannan gyara ba ya buƙatar Abuja, rinjayen zauren da sa hannun gwamna sun isa.